Kan jaki a shekel 80: lacca kan yunwar Samariya

Jama'a, barkanku da yamma. Na baya ku matso, akwai benci a nan gaba. An ce in yi magana kan yadda Allah ke kuɓutar da birni daga ƙawanyar yaƙi da yunwa a littattafan Ibraniyawa. Labaran suna da yawa, amma ɗaya zan riƙe, wanda yake a Littafin Sarakuna na Biyu, daga sura 6 aya 24 zuwa ƙarshen sura 7.

Samariya birni ne a kan tudu. Sarki Omri ne ya sayi tudun daga hannun wani mai suna Shemer a kan talanti 2 na azurfa, ya mai da shi babban birnin masarautar Isra'ila ta arewa, a ƙarni na 9 kafin haihuwar Almasihu. Kufansa na nan har yau a ƙauyen Sabastiya, kusa da Nablus. Birnin kan tudu yana da wuyar ci da takobi, shi ya sa abokin gaba ba ya wahalar da kansa. Sai ya kafa sansani a ƙasa, ya tare hanya, ya bar ciki ya yi masa yaƙin. Magabatan Kano sun san wannan, don da suka ja ganuwa sun haɗa har da filayen noma a ciki. Gonakin Samariya kuwa a kwari suke, inda Ben-hadad sarkin Suriya ya zo ya zauna da dukan rundunarsa.

Marubucin bai ƙirga mana gawawwaki ba, farashin kasuwa ya karanto mana. Kan jaki, shekel 80 na azurfa, shekel kuwa awon azurfa ne da suke ciniki da shi. Ku tuna jaki haram ne a shari'ar Musa, kuma ko a wurin mai ci, kai ai ƙashi ne da fata. Don ku gane kuɗin, Littafin Fitowa ya yanka diyyar bawan da bijimi ya kashe a kan shekel 30. Kan jaki ɗaya ya haura diyyar bayi biyu ke nan. Sai ɗan awon kashin kurciya, shekel 5. Masana sun sha gardama a kansa. Wasu sun ce sunan wani tsiro ne, masanin tarihin Yahudawa Yosifus ya ce a madadin gishiri ake sayensa. Ni dai na fi karkata ga cewa kashin ne da gaske, domin abin da ya biyo baya ya fi shi muni nesa ba kusa ba.

Sarkin Isra'ila na tafiya a kan ganuwa, wata mata ta yi masa kururuwa. Ya ce mata in Ubangiji bai taimake ki ba, ni da me? Daga masussuka ko daga wurin matsar inabi? Sannan ya ce ta faɗi damuwarta. Ta ce ita da wata suka yi yarjejeniya, yau a ci ɗanta, gobe a ci na waccan. An dafa nata an cinye, gari ya waye, waccan ta ɓoye nata. Ku lura da ƙarar da ta kawo. Ba kukan ɗanta ya kawo ta ba, cin amanar yarjejeniya ta zo kai ƙara. Duk mai sauraro Ba'ibrane zai tuna Sulemanu da mata biyu da jariri ɗaya, inda uwa ta yarda ta rasa ɗa don ya rayu. A nan komai ya juye, kuma sarkin ba shi da hukuncin yankewa. Ya kama rigarsa ya yage, mutane suka hango tsumman makoki a jikinsa, a ƙarƙashin kayan sarauta. Littafin Maimaitawar Shari'a sura 28 ya riga ya ambaci irin wannan rana a cikin la'anonin karya alkawari.

Sarkin, wanda labarin bai faɗi sunansa ba, da yawa suna ɗauka Yoram ɗan Ahab ne, ya huce a kan annabi. Ya rantse sai an sare kan Elisha a ranar. Elisha shi ne Alyasa'u da 'yan'uwanmu Musulmi suka sani a Alƙur'ani. Yana zaune a gida da dattawa, ya ce a danne ƙofa kada manzon sarki ya shigo. Da aka iso, abin da ya faɗa shi ma farashi ne: gobe war haka, a ƙofar Samariya, mudun lallausan gari shekel 1, mudu biyu na sha'ir shekel 1. Awon da aka fassara da mudu ana ce masa seya, wajen lita 7. Wannan wuri yana burge ni. Annabin bai ce gari zai zubo kyauta ba, cewa ya yi kasuwa za ta ci, mai shekel ɗaya ya koma gida da tuwon dare. Duk wanda ya taɓa zuwa awo ya tarar kuɗin jiya ba su isa yau ba ya san girman wannan alkawari.

Hafsan da sarki ke jingina a hannunsa ya ce ko Ubangiji zai buɗe tagogi a sama, anya? Elisha ya ce masa za ka gani da idonka, amma ba za ka ɗanɗana ba.

To, a nan labarin ya bar fada ya koma bakin ƙofar birni, wurin kutare huɗu. Littafin Firistoci ya ce mai irin wannan cuta ya zauna a bayan zango, saboda haka suna tsakanin ganuwa da abokan gaba, ba na ciki ba, ba na waje ba. Malaman Yahudawa na da suna cewa Gehazi ne, tsohon baran Elisha, da 'ya'yansa uku, amma nassin bai ba su suna ba. Ku ji shawararsu, babu addu'a a ciki ko ɗaya. In mun shiga gari, yunwa, mu mutu. In mun zauna nan, mu mutu. Mu tafi wurin Suriyawa, in sun bar mu mun rayu, in sun kashe mu dama mutuwar ce. Lissafin wanda ba shi da abin asara ke nan.

Da magariba suka tashi. Suka isa gefen sansani, ba kowa. Dawakai a ɗaure, jakuna a ɗaure, tantuna yadda suke. Marubucin ya ce Ubangiji ya sa Suriyawa sun ji ƙarar karusai da dawakai da babbar runduna, suka ce sarkin Isra'ila ya yi hayar sarakunan Hittiyawa da na Masar, suka ranta a na kare. Kuma kalmar lokaci ɗaya ce a wuri biyun: da magariba kutare suka tashi, da magariba Suriyawa suka gudu. Ma'ana, a daren nan akwai waɗanda ke kwance da yunwa a cikin birni, wataƙila wasu na cikawa, alhali yaƙin ya riga ya ƙare, abinci na jibge a gindin tudu.

Me kutaren suka yi? Abin da ni da ku za mu yi. Suka shiga tanti suka ci suka sha, suka kwashi azurfa da zinariya da tufafi suka je suka ɓoye, suka dawo suka shiga na biyu. Sai a nan suka ce wa juna ba mu kyauta ba, yau ranar albishir ce mun yi shiru, in muka kai safiya laifi zai hau kanmu. Har da tsoron hukunci a cikin tubansu, kuma littafin bai ɓoye ba. Suka je suka kira masu tsaron ƙofa daga waje, don ko da albishir a baki ba su da izinin shiga.

Sarki ya tashi cikin dare ya ce tarko ne, sun san muna jin yunwa, sun ɓuya a jeji. Kada ku yi saurin zaginsa, dabarar yaƙi ce sananniya, da irinta Joshuwa ya ci birnin Ai. Wani bara ne ya ce a gwada da ragowar dawakan da ba a cinye ba. Aka aika karusai biyu, suka bi sawu har Kogin Urdun, hanya duk tufafi da kayan da aka zubar garin sauri. Jama'a suka fita suka washe sansanin, farashi ya sauka daidai yadda aka faɗa. Hafsan nan kuwa sarki ya sa shi tsaron ƙofa, mayunwata suka tattake shi a wurin har ya mutu.

Wani ya tambaye ni kafin mu fara, shin kullum haka ake tsira? A'a. A zamanin Hezekiya sarkin Yahuza, shekara ta 701 kafin haihuwar Almasihu, Urushalima ta kuɓuta daga Sennakerib na Assuriya, wanda shi kansa ya rubuta cewa ya kulle Hezekiya kamar tsuntsu a keji, bai kuma ce ya ci birnin ba. Amma wannan Samariyar dai Assuriyawa sun yi mata ƙawanya shekara 3 ta faɗi wajen 722. Urushalima ma ta faɗi a hannun Babilawa wajen 586, bayan abinci ya ƙare, kuma Littafin Makoki ya sake maganar iyaye mata da suka dafa 'ya'yansu. Littafin Sarakuna ɗin da ya ba mu labarin kutare shi ne ya ba mu faɗuwar biranen biyu.

Lokaci ya tafi, na ga ana ɗaga mini hannu. Abu ɗaya ya rage da nake so ku duba in kun koma gida. Sura 7 ta maimaita maganar hafsan da mutuwarsa har sau biyu, ta faɗi farashin gari sau uku. Matar da ta yi kururuwa a gindin ganuwa kuwa, ba a sake ambatarta ba, haka ma yaron da aka ɓoye. Na karanta surar ban san iyaka ba ina neman su. To, masu tambaya, bismillah, mu fara daga ɓangaren mata.