Ashe Crystal Palace ba sunan kulob ba ne kawai

Jama'a salamu alaikum, ku tsaya ku ga hoton nan, bari in matso da shi kusa da kyamara. Jiya na tsinto shi cikin wani kwali a kasuwar Portobello nan Landan, fam huɗu tsohuwar ta ce, ko tayawa ban yi ba saboda na ga an rubuta Crystal Palace a ƙasa. Ni fa duk shekarun da na yi ina zama a bencin gidan kallo a unguwarmu wallahi na ɗauka sunan kulob ne kawai, ashe gini ne, ginin ma na gilashi da ƙarfe.

A 1851 suka kafa shi a Hyde Park don baje kolin duniya, tsawonsa ya haura mita 560, kuma wanda ya zana shi Joseph Paxton mai kula da lambu ne fa, mai shuka fulawa! Ku duba nan inda yatsana yake, bishiya ce a tsaye cikin ginin, ba su sare ta ba sai suka ɗaga rufin ya rufe ta. Mutum wajen miliyan 6 suka shiga cikin ƙasa da wata shida, har lu'ulu'un Koh-i-Noor da suka kwaso daga Indiya aka baje, kuma ko bayan gida za ka zaga sai ka biya kwabo, ashe tun can suka iya tatsar mutane.

Ni sai ya tuna min da kasuwar baje koli ta Kaduna da Baba ke kai mu muna yara, ga ƙura ga ƙamshin tsire, gaskiya ko gilashin nasu ya kai sama ba su da tsire.

To yau da sassafe zumuɗi ya ɗebe ni na hau jirgin ƙasa zuwa kudancin Landan inda aka maida ginin a 1854. Ga shi kuna gani bayana, fili fetal, gobara ta cinye shi tun 30 ga Nuwamba 1936, sai matakala da gumakan dainoso da sanyi mai ratsa ƙashi. Shayi ɗan kofi fam uku, ko madarar kirki babu.

Don Allah in kun zo kar ku yi irin tawa, kuma 'yan ƙwallo filin kulob ɗin ma ba nan yake ba, Selhurst Park yake, sai kun ƙara hawa bas. Bari in sa hoton a aljihu ruwa ya fara.