Aro ko Sata? Muhawarar Masoya Abubakar Imam

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina da ke zaune a gaba, ɗalibai, 'yan'uwa maza da mata, ina yi muku barka da zuwa.

Abin da aka ce in yi magana a kai shi ne gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masoya Alhaji Abubakar Imam. Na ce masoya da gangan, domin duk masu wannan gardama sun sha ruwan Magana Jari Ce tun suna firamare, ba maƙiyinsa a cikinsu. Wasu sun ce labaran ba nasa ba ne, kwaso su ya yi daga littattafan Larabawa da Turawa. Wasu kuma da zarar ka furta haka sai su ɓata rai, kamar ka zagi mahaifinsu. Ni ina ganin ɓangarorin biyu duk sun rage wa mutumin nan daraja.

Mu fara da abin da ba a jayayya a kansa. An haife shi a Kagara a 1911, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya rasu a 1981. A 1933 Rupert East, Baturen da ke riƙe da ofishin fassara a Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai. Daga gasar nan aka sami Ruwan Bagaja na Imam, da Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Imam yana ɗan shekara ashirin da biyu a lokacin. East ya ga hannunsa, ya nemi a ba da aronsa daga aikin koyarwa a Katsina, ya zo Zariya ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, waɗanda suka fito tsakanin 1937 da 1939. A 1939 ɗin kuma ya zama editan Hausa na Gaskiya Ta Fi Kwabo.

To, ya yi aro? Ya yi, kuma da yawa. An tara masa littattafai ya karanta, akwai Alfu Laila, akwai tatsuniyoyin Jamusawa na 'yan'uwan nan biyu, Grimm, akwai wasu. Masana irin su Farfesa Ibrahim Malumfashi sun bi diddigin labaran sun nuna inda da dama suka samo asali. Wannan aiki ne na ilimi, kuma wanda ya ji haushinsa bai yi wa Imam adalci ba, don gaskiya ba ta cutar da gwani.

Amma ku tsaya mu duba yadda aron ya kasance, a nan ne maganar take. Ɗauki akun nan na Magana Jari Ce da kowa ya sani. Tsuntsu mai ba da labari kowane dare don ya tsare wani kada ya fita, wannan tsohon tsari ne daga Indiya, daga can ya shiga Farisa. A can, mace ce mijinta ya yi tafiya, tana son ta fita wajen wani namiji, aku yana ɗauke mata hankali da labari har gari ya waye. Me Imam ya yi da shi? Ya cire matar, ya cire kwartancin gaba ɗaya. Ya kawo Musa ɗan Sarki Abdurrahman, yaro mai zafin jini da ke son ya bi sawun mayaƙa, ga kuma Waziri maci amana yana jiran ya fito. Labarin tsare mutuncin aure ya koma labarin tsare gadon sarauta, da fada, da fadawa, da bayi, da makircin da duk wanda ya tashi a ƙasar sarakuna zai gane. Wanda ya yi wannan ba mai kwafa ba ne. Ya san mutanen da yake rubuta wa, ya san abin da malamin makaranta zai iya karanta wa yara ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Haka labarin Kalala da Kalalatu. A wajen Jamusawa, kuyanga ce ta cinye kaji biyun da maigidanta ya sa ta gasa wa baƙo, sannan ta haɗa su faɗa da ƙarya. Imam ya mai da su miji da mata, ya ba su suna, ya sa musu harshen gidan Bahaushe. Na taɓa karanta wa mahaifiyata labarin nan, Allah ya jiƙanta, ta yi dariya har da hawaye, ta ce ai ta san mace irin wannan a unguwarsu. Ba ta ji ƙanshin Jamus a ciki ba ko kaɗan.

Kuma ku tuna da irin tarbiyyar ilimin da ya taso a ciki. Ɗan gidan malamai ne. A zaurukanmu, malami ya ɗauki baitin wani ya yi masa tahamisi, wato ya ƙara masa layuka su cika biyar, ko ya ɗauki littafin wani ya waƙe shi, ba wanda ya taɓa kiran wannan sata. Ko Ruwan Bagaja, wanda ya karanta littafin Larabcin nan Muƙamatul Hariri zai hango inuwar gwarzonsa Abu Zaidu a jikin Malam Zurƙe. Ma'aunin da muke ɗauka yau, na haƙƙin mallaka da ambaton madogara, ma'auni ne mai kyau, ni ma ina tilasta wa ɗalibaina shi. Sai dai ba shi ne ma'aunin 1936 ba, lokacin da ake rubuta Magana Jari Ce, kuma aikin da aka ba Imam shi ne ya samar wa makarantu abin karantawa da Hausar boko, a lokacin da kusan babu.

Akwai masu cewa to ai East ne ya yi aikin. East ya yi gyara, ya ba da shawara, ya zaɓo littattafai, wannan hakkun ne. Amma ku buɗe kowane shafi ku karanta da ƙarfi. Karin maganar nan, da ba'ar aku, da yadda zance ke gangarowa kamar ana hira a dandali, wannan ba ya fitowa daga bakin wanda ya koyi Hausa da girmansa, komai ƙwarewarsa.

Yanzu bari in taɓo inda ya fi damuna, ko da wasu a nan ba za su ji daɗi ba. A shekarun 1990, da matasa, musamman mata, suka cika kasuwa da littattafan soyayya, aka laƙaba musu suna adabin kasuwar Kano, aka yi ta muhawara a jaridu. Babban laifin da aka ɗora musu shi ne wai suna kwaikwayon finafinan Indiya, aka riƙa ɗaga Imam a matsayin tsantsar adabin gargajiya da suka kauce wa. Farfesa Abdalla Uba Adamu yana cikin waɗanda suka nuna cewa wannan hujja ba ta tsaya da ƙafafunta ba, tunda shi kansa akun daga Indiya ya taso. Idan za a soki marubuciyar Kano, a soke ta a kan ko ta narkar da abin da ta aro har ya zama namu, kamar yadda Imam ya narkar, ko kuwa ta bar shi da gayansa. Wannan tambaya ce da za a iya amsawa da littafi a hannu, shafi bayan shafi, kuma ita nake so ɗaliban da ke nan su ɗauka su yi bincike a kai.

Na ga shugaba yana duban agogo. Akwai batun buge-bugen jabu da suka cika kasuwa da kurakuran ɗab'i, amma sai a lokacin tambayoyi in wani ya tayar da shi. Na gode, wassalamu alaikum.