Littafin Mugaye: A Hannun Wa Yake Zama?

[Hoton bangon littafi a fuskar waya]

Assalamu alaikum jama'a. Wannan hoton sau shida aka turo min shi a WhatsApp cikin sati guda. Ƙato sanye da baƙin sulke, fuska a rufe, ga taurari a bayansa. A ƙasa an rubuta wai samarin ƙauyenmu sun samo littafin koyon mugunta, suna taruwa a zaure bayan isha'i. Gwaggona har da saƙon murya, a'uziyya kawai take yi.

To, na je zauren da ƙafata.

[Tabarma, fitilar sola, takardu, marafan kwalba]

Mutum biyar ne, da fensir, da 'yan ludo biyu irin na jefawa, da wani yagaggen kwalin taliya a jingine. Ƙaninmu Sani, wanda ya dawo daga bautar ƙasa, shi ya sayi littafin a intanet, ya kai Ringim aka buga masa. Rabin shafukan ma tawada ta yi musu rowa.

Tarihi a gurguje. Littafin na wani wasan tebur ne da kowa ke zama wani mutum a cikin labari. A Amurka aka fara shi, da Dungeons & Dragons na Gary Gygax da Dave Arneson a 1974, na takubba da dodanni. A 1977 Marc Miller ya fito da Traveller, na jiragen sararin samaniya da duniyoyi masu nisa, kuma shi yaran nan suke bugawa. Bayan babban littafin dokoki, kamfanoni kan fitar da ƙananan littattafai na ƙari: na jirage, na makamai, na mugaye. Misali, a 1989 West End Games ya fitar da guda a kan Daular da ke cikin finafinan Star Wars, da muƙamanta da rundunoninta. Mu wuce.

[Kyamara ta tsaya kan Sani, a bayan kwali]

A nan ne kowa ke ɓacewa, don haka a nan zan daɗe.

Ku dubi hannun mutum huɗun nan. Akwai mai riƙe da littafin? Babu. Kowa takarda ɗaya gare shi, mai ɗauke da sunan mutuminsa da abin da ya iya: wannan direban jirgi, wancan makanike, wancan tsohon soja. Littafin mugaye yana bayan kwali, wurin mutum ɗaya tak. A Traveller sunansa rafali. Wanda ya leƙa littafin a cikin sauran ya ɓata wa kansa wasa, kamar wanda aka gaya wa ƙarshen fim tun a bakin ƙofar gidan kallo.

Sai mutane su ce, au, ashe Sani ne mugun, shi kaɗai yake karawa da su huɗu. A'a. Da karawa ake yi, ai da minti ɗaya bai cika ba an tashi. Duniyar gaba ɗaya a bakinsa take. Sai ya ce dutse ya faɗo daga sama ya murƙushe jirginku, shi ke nan, kowa ya ɗauki takalminsa.

Ku tuna kakarku a tsakar gida. Ga ta nan ga ta nanku. In an zo wurin Dodo, ita ke kumbura murya har ƙaramin cikinku ya ɓuya a bayan zaninta. Ita ce Dodo? Tana so Dodo ya cinye yarinyar? So take ku ji tsoro daidai gwargwado, don ku ji daɗi in yarinyar ta tsira. Aikin Sani ke nan. Bambancin kawai, a tatsuniya kaka ta san ƙarshe, shi kuwa Sani bai sani ba. Ku yi haƙuri da wannan, sunansa ne ya jawo.

[An buɗe shafi, yatsa na bin layi]

To me ke cikin shafin? Sama-sama lambobi ne: ƙarfin mugun, iya harbinsa, yawan yaransa. Ni a ganina wannan ne ɓangare mafi arha, kuma littafin da ya tsaya a nan asarar kuɗi ne. Naman yana ƙasa. Me mugun nan yake so? Me yake tsoro? Wa yake bin sa bashi? Sannan babbar tambaya: in ba wanda ya tare shi, me zai yi gobe, me zai yi jibi?

Sani ya ɗauki wannan tsarin ya dafa nasa. Wata busasshiyar duniya ce, rijiyar burtsatse ɗaya ce a cikinta, kuma tana hannun mutum ɗaya. Ba shi da ƙaho, ba shi da jajayen idanu, gaisuwa ma har da tambayar iyali. A bayan kwali Sani ya rubuta: zama na farko zai ƙara kuɗin jarka. Na biyu zai saye masu gadi. Na uku zai rufe filin saukar jirage. Ko yaran sun kula shi ko ba su kula ba, wannan lissafin yana tafiya. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake ɓoye hatsi sai damina ta yi nisa, ba sai an yi masa bayanin wannan mutumin ba.

[Bala ya girgiza 'yan ludo a tafin hannu]

Ku saurara.

"Yaya Sani, zan lallaɓa ta bayan tankin."

"Jefa. Takwas kake nema."

Ga dokar: 'yan ludo biyu, a haɗa, takwas ko sama an ci, bayan an ƙara gwanintar mutumin in yana da ita. Hanyoyin faɗuwarsu 36 ne, 15 daga ciki ne ke kai takwas. Wato in ba ka da ƙarin komai, faɗuwa ta fi kusa da kai.

[Huɗu da biyu]

Shida. Mai gadi ya haske shi da tocila. Ku dubi fuskar Sani, shi ma ya dafe kai. A ransa yana so Bala ya wuce, amma rafali ne, abin da ya fito shi zai faɗa. Yanzu kuma dole ya sauya murya ya zama mai gadin.

Nan ba ni da hoto mai kyau, fitila ta fara lumshewa, don haka bari in cike gurbin da abubuwa biyu. Na farko, gwaggo ba ke kaɗai ba ce. A shekarun 1980 iyaye a Amurka sun yi ta zargin Dungeons & Dragons da tsafi, har kamfanin ya cire kalmomin shaiɗanu daga bugun 1989. Na biyu, don kada wani ya kama ni a ƙasan bidiyo: e, akwai wasannin da 'yan wasa ke zama mugayen da kansu, kamar Black Crusade na 2011. Wannan daban ne, ba shi ake yi a zauren nan ba.

Masu cewa caca ce, na zauna awa uku ban ga ko naira biyar ta sauya hannu ba. Gyaɗa dai an ci. Hukuncin jefa ɗan ludo shi kansa kuwa, a kai wa malamai, ba gonata ba ce.

[Wani dattijo a bakin ƙofa, da sanda]

Wannan Baba ne, mai zauren. Shi ma bincike ya kawo shi. Ya tsaya ya ji labarin mai rijiya, ya ji kuma cewa a dokar Traveller bashin jirgi shekara 40 ake biyansa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai Sani, su waɗannan da bashi a wuyansu za su ja da mai ruwa? Ku fara neman wanda ke gyara masa injin."

Ba wanda ya yi wannan tunanin a cikinsu. Sani ya duba bayan kwalinsa, babu makaniken a rubuce. Dole ya ƙirƙiro shi kafin Asabar, kuma Baba ya ce a ajiye masa wuri kusa da fitila.