Bindigar Fenti a Gaban Majalisa: Makami Ce Ko Kayan Wasa?

Masu kallo, ku dubi wannan 'yar ƙwallo ta bindigar fenti. Kaurinta bai wuce kan babban yatsa ba, milimita 17 ke nan, nauyinta kuwa giram 3 kacal. Ɓawonta irin na kwanson magani ne, cikinta ruwa ne mai launi da ke fita da wanki ɗaya. Idan ta baro bakin bindiga, gudun mita 90 take yi a daƙiƙa guda, wato sama da kilomita 300 a awa. Ta sami mutum a cinya, sai ɗan kumburi da shati na 'yan kwanaki. Ta same shi a ido kuwa, to magana ta zama babba.

Wannan ƙwallo da bindigar da ke harba ta sun daɗe suna hana 'yan majalisa sakat a ƙasashe da dama. Duk lokacin da aka kawo ƙuduri a kanta, tambayar da ake fara yin karo da ita ɗaya ce: da wane suna doka za ta kira ta?

Asalinta ma ba don wasa aka ƙera ta ba. Ma'aikatan gandun daji da masu kiwon shanu a Amurka ne ke amfani da ita suna yi wa bishiya ko saniya alama daga nesa. Sai a watan Yunin 1981 wasu mutum 12 suka shiga daji a jihar New Hampshire suka riƙa harbin juna da ita. Daga nan wasan da Turawa ke kira fentbol ya samo asali.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Wannan bindiga ba ta aiki da albarushi. Iska ce da aka matse a cikin ɗan tulu take tunkuɗa ƙwallon waje. Dokar tarayyar Amurka kuwa, abin da take kira bindiga shi ne wanda ke fitar da harsashi da ƙarfin fashewa. Saboda haka ta fenti ba ta shiga sahu ba. Akwai kuma wata doka ta 1988 da ta tilasta sa alama mai ruwan lemo a bakin bindigogin wasan yara, amma ta cire ta fenti daga ciki, har ma ta hana jihohi haramta sayar da ita, sai dai ga ƙananan yara. Shi ya sa ƙudurorin da ake kawowa a jihohi da biranen Amurka suke kewaya wasu 'yan batutuwa: shekarun mai saye, yadda za a ɗauke ta a mota, da wurin da aka yarda a harba ta.

Batun wuri ya fito fili a 2018. A biranen Detroit da Milwaukee da Atlanta, matasa suka shiga yayin harbin juna da fenti a kan tituna, wai don a ajiye bindigar gaske a ɗauki ta wasa. Niyyar ba laifi, amma titi ba filin wasa ba ne. Wanda aka harba daga cikin mota da dare ba shi da lokacin tantance ko fenti ne ko dalma. A kusa da Atlanta, wani matashi ya mayar da martani da bindigar gaske, harsashin ya sami yaro ɗan shekara 3, ya rasu.

Amma ƙudurin da ya fi tayar da ƙura a Jamus aka yi shi. Ranar 11 ga Maris 2009, wani matashi ɗan shekara 17 ya shiga tsohuwar makarantarsa a garin Winnenden, kusa da Stuttgart, ya buɗe wuta. Kafin ya kashe kansa, ya hallaka mutum 15. Ƙasa ta girgiza, aka taso gwamnatin haɗaka ta Angela Merkel a gaba, a ga ta yi wani abu. A watan Mayu sai ga shawarar haramta wasan harbin fenti ɗungurungum, da tarar da za ta kai yuro 5,000 ga wanda aka kama. Hujjar masu shawarar ita ce wasan kwaikwayon kisa ne, yana mayar da ran ɗan Adam abin nishaɗi.

To amma da me yaron ya yi ɓarnar? Da ƙaramar bindigar mahaifinsa, ta gaske, mai lasisi, wadda aka bari a ɗakin kwana ba a kulle ba. Jaki ya kayar da mutum, an koma ana dukan taiki. Masu wasan da masu filayen suka yi caa, jaridu suka yi ta shaguɓe, ba a daɗe ba aka janye maganar. Dokar da ta fito daga baya a shekarar ta koma kan bindigar gaske: aka ɗaga shekarun harba manyan bindigogi a filin atisaye daga 14 zuwa 18, aka kuma ba hukuma ikon zuwa gida ta duba yadda ake ajiye makami.

Abin lura, tun kafin wannan rikici Jamus ba ta saki bindigar fenti sakaka ba. Sai ɗan shekara 18 ke iya sayenta. Ƙarfin harbinta kada ya wuce jul 7.5 (jul ma'aunin ƙarfi ne), kuma wadda ta cika sharaɗin ana buga mata harafin F a cikin zane mai kusurwa biyar. Ba a yawo da ita a bainar jama'a, a cikin kullen jaka ake ɗaukarta, kuma ba a harba ta sai inda ƙwallon ba zai tsallake shinge ba.

Mu koma kan ido, don nan ne ainihin haɗarin. Ƙashin da ya kewaye ido yana tare abu babba, kamar ƙwallon ƙafa. Ta fenti kuwa ƙarama ce, ta tsakiya take wucewa, ta sauke duk ƙarfinta a kan ƙwayar idon. Jini kan taru a ciki, tantanin gani kan ɓalle, wani lokaci ƙwayar ta fashe gaba ɗaya. Likitocin ido sun sha bayyana cewa akasarin waɗanda ake kawo musu ba sa sanye da abin kare fuska lokacin da aka same su: ko a bayan gida ake wasan ba mai sa ido, ko gilashin ya yi hazo mutum ya ɗaga shi na ɗan lokaci, ko kuma mai wucewa ne da bai san hawa ba bai san sauka ba. A ganina, duk ƙudurin da bai taɓo wannan ba, ya bar jaki a tsaye.

Ostireliya kuma ta bi hanyar ne daga ɗaya ƙarshen. Bayan harbin da aka yi a garin Port Arthur a 1996, inda aka kashe mutum 35, ƙasar ta tsaurara dokokin makamai ƙwarai. A jihar New South Wales, wadda Sydney ke ciki, a da bindigar fenti tana cikin jerin haramtattun bindigogi, 'yan sanda ke kula da izininta, kuma sai ɗan shekara 16 ke shiga fili. A 2018 majalisar jihar ta yi wa wasan dokarsa ta daban, ta fara aiki a watan Yulin 2019. Aka cire ta daga dokar bindigogi, aka miƙa kulawarta ga hukumar kare haƙƙin masu saye, aka sauke shekarun wasa zuwa 12. Mai son mallakarta sai ya kai 18 ya nemi izini, harbawa kuwa sai a filin da hukuma ta amince da shi, fuska a rufe.