Ubangida da bawansa a tudun Tinsley

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla. Abu uku na zo da shi yau, kuma duk a kan kawunan jirgi guda uku ne. Uku fa, ba ɗari uku ba. Hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta sa musu suna aji na 13.

Na farko, aikinsu. Duk wanda ya taɓa zaman jiran jirgi a tasha ya ga ɗan ƙaramin kan nan da ba ya zuwa ko'ina, sai kai-komo, ya janyo wannan tarago ya jona shi da wancan. Shi ne ɗan aiken tasha. A Ingila wanda ya fi yawa shi ne aji na 08, an ƙera 996, injin dizal mai ƙarfin doki 350, gudunsa kuwa ko mai keke zai iya tsere masa.

To a 1965 aka buɗe wani makeken filin tantance taragai a Tinsley, tsakanin Sheffield da Rotherham, ƙasar masana'antun ƙarfe. Nan ne labarin yake da daɗi, ku ɗan yi haƙuri da ni. Maimakon kan jirgi ya riƙa kai kowane tarago layinsa ɗaya bayan ɗaya, sai aka gina tudu. Tudu kawai! A turo jerin taragai daga baya a hankali, tafiyar hawainiya, an riga an kwance maɗaurinsu. Da tarago ya kai ƙololuwa sai ya gangara da kansa, ba direba ba inji, ana juya masa layi, wannan ya bi na London, wancan ya bi na arewa. Kun ga yadda mai kura yake shan wuya a hawa, da ya kai gangara sai kurar ta fara jansa? To haka. Nauyin kayan ne yake aikin, kyauta.

Za ku ce wa zai taka birki? Yawwa, Alhaji ya riga ni. A gefen dogo aka jera wasu ƙananan kawunan ƙarfe na kamfanin Dowty, dubbai, kamar an shuka su, kowanne da mai a cikinsa. Ƙafar tarago ta danne shi ya nutse, idan gudu ya yi yawa sai ya turje ya rage shi. Tarago yana gangarowa kana jin ƙas, ƙas, ƙas har ya tsaya. Ni wannan dabarar, wallahi, ko kwana zan yi ina maganarta ba na gajiya. Tudu fa, jama'a!

Ina muka tsaya? Na biyu... a'a, har yanzu muna na farko. Matsalar ita ce wa zai yi turin. Ɗan 08 guda ɗaya ba zai iya ba, kaya sun fi ƙarfinsa. Babban kan jirgi kuma dogo ne, ana tsoron cikinsa ya daki ƙololuwar tudun. Sai aka ɗauki 08 guda shida aka kai masana'antar jiragen ƙasa ta garin Darlington, aka haɗa su biyu-biyu, aka ƙara musu nauyi don ƙafa ta kama dogo. A kowane biyu, ɗaya aka cire masa ɗakin direba ɗungurungum. Mai ɗaki suka kira shi ubangida, marar ɗaki bawa. Kada ku harare ni, su suka raɗa, ba ni ba.

Na uku zan yi sauri, ga shugaban taro yana nuna mini agogo... Na'am, Malam? Ɗaga murya.

Yana tambaya wai bawan yana da inji ko jan sa kawai ake yi. Yana da shi mana, cikakke, 350 ɗinsa daidai da na ubangidan, a haɗe 700. Baki ne kawai ba shi da shi. Direba ɗaya ne a ɗakin ubangida, abin da ya taɓa wayoyi su kai saƙo, duka biyun su amsa tare.

A'a Hajiya, ba za ki same su a gidan tarihi ba. Jigilar tarago ɗai-ɗai ta mutu, manyan motoci sun kwashe kayan. Aka ajiye ɗaya daga cikin ukun a 1981, aka daina aiki da tudun, sauran biyun suka bi a 1985. Duka aka yanka su, suka koma hannun 'yan gwangwan. 'Yan uwansu 08 kuwa wasu suna nan suna aiki har yau. To an kira salla, na ukun sai wani jiƙon.