Wuya iri-iri ce a Japananci

To jama'a, ana jina a baya? Madalla. Hanyoyi huɗu zan kawo da Bajapane ke cewa abu yana da wuyar yi.

Ta farko, nikui. Ka ɗauki aikatau a sigarsa ta ladabi, misali yomimasu, wato karantawa, ka yanke "masu" ɗin, ka liƙa nikui: yominikui, mai wuyar karantawa. Irin rubutun likita. Kishiyarsa yasui, mai sauƙin yi. Har kofin da ba ya saurin fashewa, warenikui ake cewa. Amma a yi hattara da minikui, don a kunne yana iya zama "mai wuyar gani", yana kuma iya zama "mummuna". Kada wani ya je ya faɗa wa amarya, ya ce Malam ne ya koya masa.

Ta biyu... a'a, bari in tsallaka zuwa gatai, shi na ƙagu in kai. Gatai na rubutu ne da jawabi, wuyar da ta kusa gagara, kuma galibi aikin zuciya ne: shinjigatai, abin da hankali ya kasa ɗauka, wasuregatai, abin da ba ya mantuwa. To ku kasa kunne. Aru shi ne "akwai". Aru ya koma ari, ari da gatai, arigatai, abin da samuwarsa ke da wuya. Daga nan arigato ta fito! Arigaton nan da kowa ya sani, har wanda bai taɓa buɗe littafin Japananci ba. Asalinta kana ce wa mutum, abin nan da ka yi mini ba kasafai ake samunsa ba. Ba kasafai ba, kun ji? Ranar da na gane haka, wallahi shayina ya huce ban sani ba. Yau a Tokyo ko canji aka miƙo wa mutum sai ya faɗe ta.

Ta nawa muke? Oho. Zurai daga tsurai yake, mai ciwo. Iizurai, magana mai nauyin faɗa, kamar ka tuna wa surukinka bashi.

Na'am, Hajiya? Tana tambaya, in ma'aikacin otal ya ce wakarikanemasu, wuya yake nufi? A'a Hajiya, "ban sani ba" ce aka sa wa babbar riga. Hanya ta huɗu ke nan, kaneru, "kanemasu" ɗin ƙarshen kalmar, ƙi cikin ladabi, kada ki tsaya jira. Abin da ke rikita ɗalibai shi ne korewarsa, kanenai, ba ta nufin ba wuya, nufinta mugun abu na iya faruwa. An ɗago mini agogo, sauran sai mako mai zuwa.