Fodkas: Farautar da ba a kashe komai, neman ƙaho a Wayomin

Hadiza: Masu sauraro, barkanmu da war haka. Yau Yaya Bala ya zo mana da wata farauta da ba bindiga, ba baka, ba jini: tsintar ƙahon da dabbobin dawa ke yarwa da kansu a jihar Wayomin ta Amurka. Kawu Isa tun a waje yake ta girgiza kai.

Kawu Isa: To ai dole, 'yata. Ni ɗan maharbi ne. Ban taɓa jin barewa ta yar da ƙahonta ta wuce ba. Sai dai in ta mutu.

Bala: Gaskiyarka Kawu, barewarmu ba ta yi. Ƙahon barewa da gwanki da saniya kube ne a kan ƙashi, irin abin da ke farce da kofato, kuma da shi dabba ke mutuwa. Amma barewar Amurka da babban ɗan'uwanta da ake kira elik, nasu ƙashi ne zalla mai rassa, kuma duk shekara sai ya faɗi, sabo ya tsiro.

Hadiza: Haka kawai?

Bala: In lokacin barbara ya wuce, sinadarin mazantaka ya ragu a jikin namijin, sai gindin ƙahon ya zaizaye har ya ɓalle. Barewar Amurka tsakanin Janairu da Maris, elik kuma Maris zuwa Afrilu. Sabon na elik yakan ƙaru da kusan santimita 2 da rabi a rana, kuma guda biyun na babban namiji sukan kai kilo 18.

Kawu Isa: Ikon Allah. To ina ake tsintarsa? Dajin ai ba kaɗan ba ne.

Bala: Nan ne aikin. Wanda ya shiga yana dube-dube ko'ina, da ciwon ƙafa zai dawo. Ka tambayi kanka: ina dabbar nan ta yi hunturu? Wuri uku ne: inda take kiwo, inda take kwana, da turbar da ke tsakani.

Kawu Isa: Wannan ai karatun babanmu ne. Makwanci, makiyaya, mashaya.

Bala: Shi ne, sai dai can dusar ƙanƙara ke yanke hukunci. A hunturu rana ta kudu take karkata, saboda haka gangaren dutsen da ke kallon kudu shi ke fara narkewa, ciyawa ta bayyana, ga ɗumi. Nan suke taruwa. In ka ga kashinsu birjik da ciyawar da aka kwanta a kai, rage sauri. Sannan duk inda dabba za ta yi tsalle, shinge ko kwazazzabo ko rafi, duba ɓangaren da take dira. Ƙahon da ya riga ya yi lako-lako, girgizar nan ce ke kayar da shi.

Hadiza: Amma abu mai girma haka ai daga nesa za a hango.

Bala: Haka na zata nima. Ranar da na fara bin wani abokin karatuna, na wuce guda da taku uku ban gani ba, shi da ke bayana ya ɗaga yana dariya. Ƙahon da bai daɗe da faɗuwa ba ruwan ƙasa ne, sak busasshen reshe. Kada ka nemi ƙaho sukutum, nemi tsinin reshe ɗaya da ya leƙo daga ciyawa, ko wani lanƙwasa mai santsi da itace ba ya yi. Ka riƙa waiwayawa kuma, don abin da ya ɓuya ta gaba yakan fito ta baya. Ranar hadari ta fi ranar da rana ke ƙwallewa, saboda inuwa na ruɗar ido. A fili kuwa, zauna bisa tudu da madubin hangen nesa kafin ka taka.

Kawu Isa: In ka samu ɗaya fa?

Bala: Kada ka tafi. Zagaya wurin, kana faɗaɗa zagayen. Sau da yawa ɗayan yana kusa, musamman na elik, tunda nauyi ya koma gefe guda yakan dame shi. Wasu ma kare suke horarwa ya shinshino musu.

Hadiza: To me zai hana mutum ya fita tun Janairu ya riga kowa?

Bala: Doka. A yammacin jihar Wayomin, an hana tsintar ƙaho a filayen gwamnati daga 1 ga Janairu sai 1 ga Mayu. Yammacin jihar Kolorado ma haka. A jihar Yuta kuma, mai son fita da wuri sai ya yi ɗan kwas ta intanet ya riƙe shaidarsa. Gandun Yellowstone kuwa ko tsinke ba a ɗauka. Dalilin shi ne ƙarshen hunturu dabbobin sun rame, matan na da ciki. Kowace kora kitsen da ya rage musu take ci.

Kawu Isa: Wannan na yarda da shi. Ko mu ba a taɓa mai ciki.

Bala: Amma in ka makara ma asara ce. Kurege da ɓera da beguwa suna gwaguyarsa don sinadarin ƙashi, rana kuma ta mai da shi fari, daga baya ya tsattsage kamar alli. Mai ruwan ƙasa shi ne mai tsada, kuma a ma'auni ake saye.

Hadiza: Su waye masu sayen?

Bala: Masu ƙera fitilun ado da ƙotar wuƙa, masu abin gwaguya na karnuka, da masu haɗa maganin gargajiya a gabashin Asiya. A garin Jakson na jihar Wayomin akwai gandun elik da aka kafa a 1912. 'Yan sikawut ke taimakawa wajen tattara ƙahon da ya zuba a ciki, a yi gwanjonsa a dandalin gari duk watan Mayu, kaso mafi tsoka ya koma wa gandun. Kusurwoyin dandalin huɗu ma kowace da ƙofar da aka gina da ƙaho zalla.

Kawu Isa: To Bala, baɗi da ni za a je.

Bala: Madalla. Sai dai lokacin ne dabbar beyar, ƙatuwar dabba mai haɗari, ke tashi daga barcin hunturu da yunwa, kuma gangaren nan na kudu ita ma shi take bi.

Kawu Isa: A'a. Hadiza, ke ki raka shi, ni zan riƙe muku shirin.